Tambaya da Amsa: Abin da Muka Tarar a Adakar Kakana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni malamar firamare ce a Kafanchan. Kakana na wajen uba ya rasu bayan Babbar Sallah, bayan ya shafe shekaru yana fama da tari da sarƙewar numfashi. Babu wanda ya san shekarunsa daidai. Shi dai yana cewa ya riga ya fara riƙe garma da kansa lokacin da aka zo ɗibar soja na yaƙin Hitila. Mu jikoki Saje muke ce masa, ko da yake Inna, wato kakarmu, ta ce bai taɓa wuce kofur ba.

Da aka zo rabon kayansa aka buɗe wata tsohuwar adakar ƙarfe da ba ya barin kowa ya taɓa. A ciki akwai lambar soja mai siffar tauraruwa da ƙyallenta ya koɗe, da wani ɗan littafi na Turanci da gara ta ci gefensa. Sai kuma wata kwandalar tagulla kamar tsohon kwabo, da huda a sama da lamba a jiki, an zura mata tsirkiya an naɗe ta a ƙyalle ita kaɗai, kai ka ce laya ce. Inna ta ce ta ramin kwal ce, ta lokacin da suka zauna a Inugu kafin su gudo gida a 1966.

Akwai halayensa da muke yi wa dariya muna yara, yanzu kuma suke damuna. Duk ɗakin da ya shiga, kafin ya zauna sai ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa rufin, ya karkata kai yana saurare. In zazzaɓi ya kama shi, da harshen Ibo yake sambatu. Sau ɗaya tak na ji ya ambaci wata rana da aka harbe mutane a bakin rami, ya ce ya ji wasu daga cikin 'yan sandan suna Hausa, daga nan ya yi shiru bai ƙara ba.

Yayyena maza sun ce a sa tauraruwar a gilashi a rataye a falo, sauran tarkacen a zubar. Wani maƙwabcinmu ma ya ce Bahaushe bai taɓa haƙar kwal ba, ƙila gadi ya yi. Malam, mece ce wannan kwandalar? Kuma me ya kamata in yi da waɗannan kaya?

Daga wata mai karatu, Kafanchan.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Saje, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya ba Inna da ku duka haƙuri. Kafin komai, ki je ki ɗauke wannan kwandalar daga inda hannun yayyenki zai kai, sannan ki dawo mu yi magana.

Wasiƙarki ta daɗe a kan teburina ban amsa ba, domin ta taɓo ni a inda ban zata ba. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, yana cikin masu zuba kwal a cikin wutar injin jirgi. Ina yaro ina ganin yadda yake dawowa, an wanke fuska amma baƙi ya maƙale a gefen ido kamar an sa kwalli, mahaifiyata ta ɗora ruwa a murhu tun kafin ya yi sallama. Kwal ɗin da yake kwasa da shebur dare da rana daga Inugu ake kawo shi. Ban taɓa tambayar kaina hannun wa ya saro shi ba sai da na girma. Ga shi yau kin aiko min da labarin ɗaya daga cikin waɗannan hannaye.

Bari in fara da tauraruwar, tunda ita ta fi ɗaukar ido. In mai tsini 6 ce, ƙyallenta kuma shuɗi mai duhu da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, to Tauraruwar Bama ce, wadda Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama, Myanmar ta yau, tsakanin Disamban 1941 da Satumban 1945. Daga Afirka ta Yamma runduna biyu aka kai, ta 81 da ta 82, kimanin mutum 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Ki duba cikin littafin nan ko za ki ga wacce ya bi. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye cikin gammo. Gammo dai da kika sani, na ɗaukar kaya. Ba don ado aka sa shi ba. A dazukan Arakan da kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota, sai jirgin sama ya sako abinci da harsashi da lema, mutanenmu su ɗora a ka su ratsa duwatsu da kurmi, ga ruwan sama na watanni, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, ga Japanawa a ɓoye. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan dakon ba a ba su bindiga ba, adda kawai suke riƙe da ita. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung.

Sunayen wuraren da suka yi wannan fama suna nan kewaye da mu, muna faɗarsu kullum ba mu san daga ina suka zo ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Barikin Chindit a Zariya, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga Bama aka kwaso su. In kin shiga Kaduna kika ji kwandasta yana kiran Dalet, ki san ƙasar da kakanki ya taka yake kira.

To amma ki juya tauraruwar ki dubi bayanta. Ina kyautata zaton za ki tarar da shi fayau, babu rubutu. A gaba akwai kambi da haruffan sunan Sarkin Ingila Joji na 6, amma galibin waɗannan lambobi haka aka raba su ba a buga sunan mai su ba. Tauraruwar Saje da ta duk wanda ya je Bama iri ɗaya ce, in aka cakuɗa su a faifai babu mai iya ware tasa. Kwandalar da yayyenki ke kira tarkace kuwa, lambar da ke jikinta ta mutum ɗaya ce a duniya.

Ga yadda take aiki. A mahaƙar kwal irin ta Turawan Ingila, kowane lebura yana da lambarsa. Da asuba zai je ɗakin fitilu ya miƙa kwandalarsa a ba shi fitila, a rataye ta a ƙusa a jikin allo. In ya fito ya mai da fitila a ba shi abarsa. Idan aka tashi aiki aka ga kwandala ta saura a allo, an san akwai wanda ƙasa ba ta sako ba, kuma an san ko wane ne. Da wannan lamba ake kiran mutum, da ita ake rubuta masa aikin da ya yi, da ita ake biyansa. Duk yammacin da kwandalar nan ta koma aljihun kakanki, ya fito da rai ke nan. Yanzu kin ga dalilin da ya naɗe ta ita kaɗai.

Game da maganar maƙwabcinku, yana da ɗan abin kamawa, sai dai ya zarce. Gaskiya ne mafi yawan masu haƙar kwal a Inugu Ibo ne na ƙauyukan da ke kewaye, mutanen Ngwo da Udi da maƙwabtansu. Amma Inugu gari ne da kwal ya haifa, kuma baƙi ne suka cika shi. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, aka fara haƙa a 1915, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, garin da shi kansa don fitar da kwal aka kafa tasharsa. Daga baya layin ya miƙo arewa ta Makurɗi, ya iso garinku Kafanchan a 1927. Jirgin da ke hawowa da kwal ba ya komawa wayam, yana sauka da shanu da fatake da masu neman aiki. Mutanen Arewa sun zauna a Inugu har ta kai wani Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin na farko, kuma kuri'ar mutanen garin ce ta ɗora shi. Ƙari a kan haka, da yaƙi ya ƙare gwamnatin mulkin mallaka ta yi doka a 1945 da ta nemi ma'aikatu su ɗauki tsofaffin sojoji. Saurayin da ya dawo daga Indiya a 1946, ya ga teku ya ga Bombai, ya saba da albashin wata, ba kowanne ne ya iya komawa ya riƙe fartanya ba. Wasu sun shiga ɗan sanda, wasu reluwe, wasu haƙar kuza a Jos. Naku ya bi jirgi ya yi kudu.

Kuma ba sai na nemi wata takarda ba kafin in ce miki ya shiga rami. Sandar nan da yake ƙwanƙwasa rufi da ita ta ishe ni shaida. Mai gadi ba ya koyon wannan. Ramukan Inugu ba irin rijiya ba ne da ake zurawa ƙasa, ta gefen tsauni ake huda su a yi ta kutsawa ciki, dutse yana bisa kanka, an tokare shi da gumagumai. Abin da mai sara ke fara yi in ya isa wurin aikinsa shi ne ya bugi rufin da ƙarfe ko sanda ya saurara. In dutsen lafiyayye ne zai amsa da ƙara mai kauri, ƙal. In ya rabu daga na samansa yana shirin ruftowa, sai ka ji ya yi amo kamar an buga ganga ko ƙwarya a kife. Wanda kunnensa bai iya rarrabe waɗannan biyun ba, ba ya daɗewa a aikin. Akwai ma lokacin da ya fi kowanne haɗari, sa'ad da aka gama cin wani sashe aka juyo ana sare ginshiƙan kwal ɗin da aka bari suna riƙe da rufi, ana ja da baya rufin yana zubowa a bayanku. Mutumin da ya yi kusan shekara 20 yana wannan, ko ɗakin azara ya shiga a Kafanchan hannunsa zai ɗaga sanda kafin ya tuna ina yake. Kuna yara kuna dariya, shi kuwa yana duba muku rufi ne kafin ya bari ku zauna a ƙarƙashinsa.

Harshen Ibo da yake sambatu da shi, shi ma daga can ne. A cikin duhu, inda mai sara ya dogara da mai tura kura, mai tura kura ya dogara da mai kafa gungume, da harshen da abokan aikinka ke ji za ka yi ihun a guje. Tarin ma ina jin tsarabar ramin ce. Ƙurar kwal tana taruwa a huhu shekara da shekaru, ba ta fita, har likitoci suna kiran ciwon baƙin huhu, kuma yakan ci gaba da cin mutum bayan ya bar aikin da daɗewa. Ni ba likita ba ne kuma ban ga Saje ba, amma na ji irin wannan tarin a ɗakin mahaifina.

Sai ranar da ya ambata sau ɗaya ya yi shiru. Wannan ranar tana da kwanan wata: Juma'a, 18 ga Nuwamba, 1949, a mahaƙar Kwarin Iva. Ma'aikata suna bin bashin wasu kuɗaɗe da suka ce an riƙe musu, ƙungiyarsu ƙarƙashin sakatarenta Okwudili Ojiyi ta shiga jan ƙafa da aiki. Hukumar mahaƙar ta kori masu sara da dama, su kuma suka ƙi fita, suka zauna a wurin aikinsu. Gwamnati ta tsorata kada nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a can su faɗa hannun matasan da ke neman 'yancin kai, sai ta tura 'yan sanda su kwashe. Leburori kuwa suka ɗauka kwashe nakiya alama ce ta za a rufe mahaƙar a bar su da yunwa, suka taru a wurin. Babu bindiga a hannunsu. Wani Baturen ɗan sanda mai suna Philip ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, wanda ya ce Baturen ya yi kuskuren hukunci, amma ba a gurfanar da shi ba. Jinin nan ya haɗa kan 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna, ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta. In Allah Ya kai ki Inugu, akwai gunkin tunawa da su a shataletalen Sabuwar Kasuwa. Na taɓa tsayawa a gabansa, motoci suna ta kewaya shi babu mai ɗaga kai.

Abin da ya ce ya ji, 'yan sanda suna Hausa, bai ba ni mamaki ba. Dabarar Turawa ce tun asali su kai ɗan wannan yanki ya tsare wancan, don kada tausayin 'yan'uwantaka ya hana shi bin umarni, kuma Hausa ta daɗe tana harshen bariki. Ki tsaya ki auna inda kakanki ya samu kansa a ranar. Shekara 4 kacal kafin nan yana sanye da kakin Sarkin Ingila, ya san ƙarar wannan bindiga, ya san kalmar da ake faɗa kafin a ɗana. Yau ga shi a ɗaya ɓangaren da gatarin sara, waɗanda ke faɗuwa abokan raminsa ne, waɗanda ke harbi kuma suna magana da harshen uwarsa. Washegari kuma dole ya dubi idon maƙwabtansa. Ni ban ga laifinsa ba da ya yi shiru shekara 70 da ɗoriya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bai tattara ya bar garin ba, ya zauna tare da mutanen nan wasu shekaru 17, har sai da rikicin 1966 ya raba kowa da inda ya saba.

Lokacin da suka taso ma kwal ɗin ya fara mutuwa. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo kimanin tan 900,000 a shekara, sai reluwe ta fara komawa injin dizal, man fetur ya fito, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki ruwa ya cika ramuka. Ba ta sake komawa kamar da ba. Shi ya sa 'yan mazan jiya suke da ranarsu, 15 ga Janairu, ana fareti ana ajiye furanni, amma mutanen da suka haƙo abin da ya tuƙa jiragen ƙasar nan shekara da shekaru babu mai kiran sunansu. Ina ganin kuskure ne a gidanku ku ma ku maimaita haka, ku rataye shekara 3 na rayuwarsa a falo ku zubar da 20.

Shawarata, in za a sa a gilashi a sa su tare, tauraruwa da kwandala gefe da gefe. Kada ki goge tagullar da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli, ki bar ta da dauɗarta da tsirkiyarta. Littafin nan takardar sallamarsa ce daga soja, kada a manna masa salatif, kada kuma a kai shi a liƙe shi cikin roba da zafi. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya, ki sa shi cikin ambulan a wurin da babu laima. A ciki za ki ga lambarsa ta soja, ta 'yan Nijeriya da haruffan NA take farawa, da bataliyarsa da ranar da aka ɗauke shi da ranar da aka sallame shi. Da wannan lamba za ki iya zuwa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku. In kina son ki zurfafa, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna da reshensa na Inugu, akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, inda za ki samu masu nuna miki hanya.

Amma duk waɗannan za su jira ki. Wadda ba za ta jira ba ita ce Inna. Ki bari ta fita takaba hankalinta ya kwanta, sannan ki riƙa zuwa da hantsi, ki ajiye waya tana ɗauka, kada ki yi mata tambayar jarrabawa. Kada ki ce ta ba ki tarihi, za ta ce ba ta san komai ba. Ki tambaye ta wace unguwa suka zauna, ɗaki nawa, wa ke maƙwabtaka da su, me take zuba masa a kwano ya tafi da shi rami, da wane sabulu take wanke kayan aikinsa, nawa yake kawowa ranar albashi. Ki tambaye ta wace mata ce ta karɓi haihuwar babanku, da wanda ya raka su tasha a 1966, da abin da suka bari a ɗakin ba su ɗauko ba. In ta yi kuka ki kashe wayar ki zauna da ita, gobe ma rana ce. Kuma tunda ke malama ce, wata rana ki ɗauki kwandalar ki kai aji, ki bar yara su taɓa ta, ki nuna musu layin dogon da ya ratsa garinsu ki faɗa musu abin da yake ɗaukowa.

In kin samu lambar bataliyarsa ki sake rubuto min, zan gaya miki ta inda suka bi a Bama. Ki gaishe min da Inna, ki yi mata ta'aziyya, ki ce ɗan wani mai zuba kwal a jirgin Zariya ne ya aiko.